An Sake wa Tuwo Suna

A manyan biranen Turai da Amurka, da wuya a sami unguwa mai yawan jama'a da ba ta da gidan abincin mutanen Tailan. Yawanci ɗan ƙaramin wuri ne da iyali guda ke riƙe da shi, uwa a madafa, ƴaƴa suna kai kwanuka. Wanda ya shiga ya zauna sai a miƙa masa takardar jerin abinci, kuma abin da idonsa zai fara faɗawa a kai sunaye ne da ba na harshensa ba: pad thai, tom yam, som tam. A ƙarƙashin kowane suna akwai ɗan layi da ƙananan haruffa mai bayyana abin da ke cikin kwanon: soyayyar taliyar shinkafa da ƙwai da gyaɗa, ko romo mai tsami da yaji, ko dakakkiyar ɗanyar gwanda. Zuwan farko mutum yakan nuna da yatsa. Kafin zuwa na uku ya daina karanta ƙananan haruffan, yana kiran abinci da sunansa. Ya haddace kalmomi kusan goma na harshen Tai ba tare da ya zauna a aji ba, da kuɗin aljihunsa kuma, yana murna.

Wannan bai faru da ka ba. A 2002 gwamnatin Tailan ta fito da wani shiri na ƙara yawan gidajen abincin ƙasar a ƙetare daga kimanin 5,500 zuwa 8,000, ta hanyar horar da masu dafuwa da sauƙaƙa wa masu son buɗewa samun rance. Shi kansa pad thai, wanda ma'anarsa ba ta wuce "suyar Tai" ba, ya sami gindin zama ne a zamanin Firaminista Phibun, mutumin da ya sauya wa ƙasar suna daga Siyam zuwa Tailan a 1939, lokacin da hukuma ta riƙa kwaɗaitar da jama'a cin taliya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya tom yam na jatan lande cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunansa na asali. A zama guda kuwa aka sanya attiéké na ƙasar Kodebuwa, shekaru uku bayan ceebu jën na Senegal. Kowannensu ya shiga da sunan da uwarsa ta raɗa masa.

Tasawa da Mayahi ba garuruwan irin waɗannan gidajen abinci ba ne, amma Tailan ta daɗe da isowa can, a cikin buhu. Ƙasar ta shafe shekaru masu yawa tana kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa kafin Indiya ta sha gabanta a 2012, kuma tashar jiragen ruwa ta Kwatano na cikin manyan ƙofofin da wannan shinkafa ke shigowa Afirka ta Yamma. Kafin rufe iyakar Binin a 2023, daga nan manyan motoci kan ɗauko ta su ƙetare gadar Gaya, su bi ta Doso da Birnin Ƙonni zuwa rumbunan ƴan kasuwar Maraɗi, inda wata ke tsallakawa Nijeriya, wata kuma ta ci gaba gabas a kan babbar hanyar Damagaram. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin da iyakar Binin ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu sayar da abinci a bakin tasha ba su buƙaci jarida ta sanar da su ba, domin buhu ne ya faɗa musu. Hausa kuma ta yi wa baƙuwar suna nan take, bisa tsarinta na ƙirar kalma: ƴar waje, ƴar gwamnati, ƴar Tailan, kishiyar ƴar Hausa. Harshen da ke iya raɗa wa baƙo suna cikin kwana ɗaya bai kamata a ce ya gaza riƙe sunayen ƴan gida ba. Sai dai abin da ke faruwa ke nan a allunan gidajen abinci.

Cin abinci a waje ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, ko da yake akwai kunya a tattare da shi. Magidancin da ke da iyali a gari, in aka gan shi kullum a gaban mai tuwo-tuwo, za a fara tambayar lafiyar gidansa. Saboda haka tun asali abincin sayarwa na matafiyi ne da ɗan kasuwa da gwauro da almajiri, sai kuma wanda yara mata ke fitowa da shi talla daga hannun iyayensu da ke cikin gida. Ranar kasuwa a Mayahi ko Kanan Bakashe ko Korgom, rumfunan masu abinci kan cika da mutanen da suka yi sammako daga ƙauyuka. Da asuba akwai masu ƙosai da kunu da masa, da rana masu shinkafa da wake da dambu, da yamma masu tsire da balangu, da dare kuma teburin mai shayi, inda ake soya ƙwai ana warware siyasar duniya. Duk wannan ciniki da baki ake yin sa. Babu allo, babu takarda, kuma ba a taɓa samun wanda ya kasa gane abin da ke cikin tukunya ba.

Allo ya zo ne da sabon nau'in gidan abinci, mai ɗaki da kujeru da firji, wanda ke neman ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da direban babbar mota da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a jihar Maraɗi tun bayan yunwar 2005. A nan ne harshe ke rabuwa biyu. A bango an rubuta riz sauce, riz au gras, pâte, da farashi 500 F. Mai saye kuwa, ko da ya karanta allon, abin da zai ce shi ne: "Hajiya, a zuba mini dafa-duka ta dala ɗari." Ita kuma ta amsa: "To, Malam, a sa yaji?" Hatta lissafin kuɗin bai zo ɗaya ba, tun da allo na ƙirga tamma ɗai-ɗai, baki kuma na ƙirga dala, wato biyar-biyar. Ga ɗalibin walwalar harshe wannan misali ne da ya fi na littafi kyau: harshe ɗaya na ido, ɗaya na kunne, a ɗaki guda, tsakanin mutum biyu da dukansu Hausawa ne.

Da a ce fassarar tana isar da ma'ana, da abin ya zo da sauƙi. Faransancin Nijar na kiran tuwo pâte, kalmar da a can Faransa take nufin kwaɓaɓɓen gari kowane iri. Cikin wannan kalma guda aka cusa tuwon gero da na dawa da na masara da na shinkafa, alhali duk wanda ya tashi a Mayahi ya san ba ɗaya suke ba, a baki ko a ciki ko a aljihu. Fura ta zama boule, wato dunƙule, an kira ta da siffar da take da ita kafin a dama, an bar abin da ya mai da ita fura. Masa ta zama galette, ƙosai ya zama beignet tare da fanke da duk wani abu da ya ratsa ta cikin mai, tsire ya zama brochette ba tare da an ambaci ƙuli-ƙulin da ya bambanta shi da kowane nama a tsinke ba. Miya kuwa ita ta fi shan wuya, domin kuka da kuɓewa da yakuwa da taushe duk sun taru sun zama sauce. Ko mutanen Tailan, inda suka yarda aka fassara musu, sun yi irin wannan hasarar: kalmarsu kaeng ta ƙunshi miya da romo iri-iri, wasu ko kusa ba su da alaƙa da kori, amma a takardun ƙetare duk an mai da su kori, har baƙi suka ɗauka abu ɗaya ne mai launi uku.

Sunan abinci ɗauke yake da nahawu da tarihi. Dafa-duka harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga aikatau da abin da aikin ya faɗa a kai. Garau-garau amsa-kama ce da aka ninka, tana kwatanta yadda ƙwayar shinkafa da wake ke warwatse ba tare da miya ta haɗa su ba. Gurasa da alkubus da shayi sun zo ta hanyar Larabci, kuma shi shayin, in aka bi salsalarsa, zai kai mutum ga kalmar Sinanci da ta ba harshen Tai cha. Taliya masana da yawa na danganta ta da sunan Italiya, ke nan Hausa ta riga ta san abincin da ke yawo da sunan ƙasa. Awara, wadda ta cika kasuwannin jihar Maraɗi, ƴar'uwar wadda ake yankawa a cikin pad thai ce, sunanta kuma ya hauro daga kudu. Akwai ma abin da ya shafi aikatau. Bahaushe yana cin tuwo, yana shan fura, yana shan rake da mangwaro, alhali mutumin Tailan a maganar yau da kullum kalma ɗaya, kin, ta ishe shi ci da sha. A wurinsa "cin shinkafa" shi ne cin abinci kowane iri, sauran kwanukan kuma sunansu "tare da shinkafa", abin da Hausa ke kira mahaɗi. Wanda ya rubuta pâte sauce ya share duk wannan da buroshi ɗaya.

Abin mamaki, baƙo na farko da ya bar rubutaccen bayani mai tsawo kan abincin kasuwar Tasawa bai yi haka ba. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin a watan Janairu na 1851, ya zaga kasuwa, ya ɗanɗana tuwon magarya, ya ga ƙoren soyayyar fara ana sayarwa. Da ya zo rubutawa sai ya kawo sunayen da Hausa, ya bi su da bayani a harshensa. Tsarin takardar gidan abincin Tailan ke nan, suna a sama, bayani a ƙasa, tun fiye da shekara 170 da suka wuce.

Inda kuma aka bar sunan Hausa a allo, sai matsala ta biyu ta taso, wato rubutun. Mai fenti da ya yi ƴan shekaru a lakwal da Faransanci kaɗai yakan rubuta touwo, chinkafa, dambou, kilichi. Ba laifinsa ba ne. Haka ya ga an rubuta sunan garinsu, Tessaoua a maimakon Tasawa, Maïjirgui a maimakon Mai Jirgi, Goulbi N'Kaba a maimakon Gulbin Kaba. Ƙa'idojin rubutun Hausa sun daɗe da samuwa. An tattauna su a taron Bamako na 1966, Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta kuma tabbatar da ƙa'idojin a hukumance a 1999. Amma sun tsaya a littattafan yaƙi da jahilci da ɗakunan karatu na jami'a, ba su kai ga gwangwanin fenti ba. Haruffa masu ƙugiya su ne suka fi wahala: ƙosai ya rasa ƙugiyarsa, ɗanwake ma haka, ƙwai ya koma kwai.

A wannan gaɓar harshen Tai yana da abin da zai nuna wa ɗalibin Hausa, domin harsunan biyu, duk da ba su haɗa dangi ba, sun yi tarayya a abu biyu: karin sauti da tsawon wasali, kowannensu yana bambanta ma'ana. Tai na da karin sauti biyar, Hausa na da na sama da na ƙasa da faɗau. A Tai, gaɓar da ake rubutawa khao da haruffan boko tana nufin shinkafa in an ja wasalin da kari mai faɗuwa, tana nufin fari in karin mai hawa ne, tana nufin labari in na ƙasa ne, in kuma aka gajarta wasalin sai ta koma shiga ko dutse. Hausa na da tagwayen wannan a cikin kwano ɗaya. Fara mai dogon wasalin farko da karin ƙasa-sama ita ce wadda Barth ya gani a ƙwarya. Fara mai gajeren wasalin farko da karin sama-sama ita ce shinkafar da ba a haɗa ta da komai ba. Fara mai karin sama-ƙasa kuma ita ce soma ci. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, haka kwaɗon zogale da kwaɗon tafki, wanda ba mai son a kawo masa a faranti. Rubutun Tai na asali, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Sarki Ramkhamhaeng a 1283, yana nuna kari da tsawon wasali duka. Tsarin da hukumarsu ta amince da shi na rubutawa da haruffan boko kuwa bai nuna ko ɗaya, daidai da bokon Hausa na yau da kullum. Shi ya sa Bature ke furta sunayen yadda ya ga dama, ake kuma samun pad thai a wannan allo, phat thai a wancan. Wannan duka bai hana sunayen tafiya ba, kuma bai kamata rashin alamar kari ya zama hujjar guje wa rubuta Hausa a allo ba. Mai jin harshen muhallin magana ya ishe shi: babu wanda zai karanta "fara da miya" ya sa ran ƙwari. Ajami ma, wanda dubban mutanen Tasawa da Mayahi da suka yi makarantar allo suke iya karantawa, yana raba fara ta farko da ta biyu, tun da yana nuna dogon wasali. Allon da ya ɗauki boko da ajami tare zai sami masu karatu fiye da wanda ya ɗauki Faransanci shi kaɗai.

Akwai masu cewa wannan duk damuwar ƴan jami'a ce, mai abinci riba take nema, kuma Faransanci a allo alama ce ta tsabta da wayewa da ke jawo mai albashi. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ainihin ciwon. In har riz au gras na iya sa a biya abin da dafa-duka ba za ta sa a biya ba, alhali tukunya ɗaya ce, to darajar da aka ɗora wa harshe ake saye. Irin wannan daraja kuwa mutane ne ke gina ta, kamar yadda Tailan ta gina wa nata sunaye har suka zama su ne ke ƙara wa kwano kuɗi a Landan. Wasu kuma za su ce babbar hanya ta kowa ce, Bazabarme da Buzu da Bafulatani da Babarbare duk suna tsayawa a Tasawa, Faransanci ne ya haɗa su. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar ya san da harshen da suke ciniki. Ga wanda bai ji ba kuma, ƙaramin layin bayani a ƙasan suna ya wadatar, da Faransanci ko da wani harshen. Ba a ce a kori kowa daga allo ba, tambayar ita ce wa zai hau sama da manyan haruffa.

Tun watan Maris na 2025, kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan abin da hakan ke nufi ga makarantu da kotuna da sauran harsunan ƙasar, kuma muhawara ce da ta cancanta. Sai dai sauya harshen kotu na buƙatar shekaru da ƙamusoshi da horar da alƙalai, sauya allon gidan abinci kuwa na buƙatar gwangwanin fenti da mutum ɗaya da ya san inda ƙugiya take. Ɗaliban kimiyyar harshe na Yamai da Damagaram da takwarorinsu na Katsina da Kano, waɗanda kowace shekara suke neman batun kundin kammala karatu har su ƙare a maimaita abin da aka riga aka rubuta, ga fili a buɗe. Mutum ya ɗauki garuruwa biyu, ya bi gidajen abinci da rumfuna, ya kwafe abin da ke allo harafi da harafi, ya naɗi abin da ake faɗa da baki, ya tambayi mai wurin wa ya rubuta mata kuma me ya sa ta zaɓi wannan harshe. Daga nan za a iya fitar da ƴar takarda mai shafi ɗaya ta sunayen abinci bisa ƙa'ida, a raba wa masu fenti, waɗanda ba su da yawa a kowane gari, kuma su ne ainihin hukumar harshe ta bakin titi.

Wanda ya shiga wannan aiki zai yi karo da tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi. A bakin mutanen yankin abin da ake damawa hura ne, abin da ake dafawa shinkahwa, ƙwarin kuma hwara. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta ginu a kan karin Kano, na rubuta fura da shinkafa da fara. In aka rubuta wa mai abinci a Mayahi "fura", an kuɓutar da ita daga boule an miƙa ta ga wani ma'aunin da shi ma ba a bakinta ya fito ba. In aka rubuta "hura", an yi wa kunnenta adalci amma an saɓa wa littafin da ɗanta ke karantawa a makaranta. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a nan shi ne a bar wa allo karin garinsu. Allon gidan abinci ba takardar jarrabawa ba ce, kuma direban da ya taso daga Kano ba zai ɓata ba don ya ga "hura da nono". Abin da ya wajaba a daidaita shi ne haruffa, u a maimakon ou, sh a maimakon ch, ƙugiya a inda take. Furuci kuwa na masu shi ne. Gidajen abincin Tailan ma da ke sayar da girkin yankin Isan na arewa maso gabas sukan bar wa wasu kwanuka sunayensu na can, ba su mai da su karin Bankok ba.

Sunayen abincin Hausa da suka fita duniya sun fita ne ba da taimakon kowace hukuma ba. A 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da buka, wato ƙaramin gidan abinci na bakin hanya, kalmar da ta samo asali daga bukka ta bi ta Yarabanci. A farkon 2025 aka sanar da shigar suya. Masu tsire ne suka kai ta Legas da Duwala da Landan a kan tire, suka ƙi kiran ta da wani suna, ko da yake a hanya ma'anarta ta karkata daga aikin suya zuwa naman da a gida ake kira tsire. Kilishi ma ya ƙetare da sunansa, amma a ledojin da ake shirya shi a Nijar don kai wa ƙetare yawanci kilichi ake bugawa, mai karatun Ingilishi kuma ya furta shi da sautin c, ya koma kilici.